Tambayar da Malam Sama'ila Bai Amsa Ba

Tun da daɗewa na ji ana cewa kai, Malam Sama'ila na Tsafe, mai koya wa yaranmu amsa tambayoyin intabiyun neman aiki, kai ma ka taɓa faɗuwa a intabiyu. Dariya na yi a lokacin. Sai ga shi ranar Laraba, 14 ga watan Rajab, Allah ya karɓi ranka a Gusau, kuma tun a maƙabarta zancen ya sake tashi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da ka yi ritaya, zaurenka ya koma makaranta. Mu nan da kunya muka raini yara: ba a yabon kai, ba a tono abin da aka yafe. Su kuwa masu ɗaukar aiki ainihin abin da suke so ke nan: ba mu labarin ranar da ka yi kuskure, ko ka saɓa da abokin aiki. Kai ne kake zama ka tsuke fuska kamar shugaban kwamiti, har yaro ya daina kallon tabarma.

Jikata Mansura ce ɗalibarka ta ƙarshe. Mako mai zuwa za ta shiga intabiyu a wani kamfanin hatsi a Gusau, ga ƙanne marayu suna jiran aikin nan. Ta taɓa saɓawa da wata a shagon da ta fara aiki, manya suka sasanta su, don haka ta ce ba za ta ƙara tayar da maganar ba. Ka ce mata, “Ki cire sunan yarinyar, ki faɗi abin da ya faru, da abin da kika yi, da abin da kika koya. Shiru ba ya ciyar da gida.”

To, nan kaina ya ɗaure. An ce kai da aka yi maka wannan tambayar ta saɓani da abokin aiki, cewa kawai ka yi, “An yi, an kuma yafe,” ka ja bakinka, aka ba wani kujerar. Nadama ce ta sa kake koyar da abin da ka ƙi yi? Ko kuwa kana ganin nauyin da ka ɗauka ya fi ƙarfin yara? Mansura ma ta ji zancen, ta tambaye ni wanne za ta bi, maganarka ko aikinka. Na ce ta bi maganarka. Ko na yi daidai, ban sani ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makomarka, ya ba matarka Hajiya Hanatu da yara haƙuri.

Ni dai na daina musun labarin. Wanda ya ba ni shi na ƙarshe, a wurin zaman makoki, Alhaji Yari na Bungudu ne. Ya ce da shi kuka yi saɓanin, laifin nasa ne, kuma shi aka ba kujerar.