Muryar Baba a Cikin Rediyon Mota

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da na bi yayana zuwa Ɗan Issa, ni zan sayi kamara, shi zai sauya rediyon motarsa. Shekaru sun ja, ƴaƴana ma sun gaji da jin labarin, amma har yau in na wuce rumfar masu sayar da kayan sauti sai na tsaya na leƙa.

Motar ta mahaifinmu ce. Direba ne, ya ƙare rayuwarsa tsakanin Madarumfa da Maraɗi da bakin iyaka, da ya rasu kuma yayana ya gaji sitiyari. A cikin rediyon motar akwai wani kaset da ya maƙale. Wata shekara ce Baba ya yi doguwar tafiya arewa da wata babbar mota, ya daɗe bai dawo ba, kuma da yake shi da Inna ba wanda ya yi boko, sai ya yi abin da matafiya suka saba: ya zauna gaban rakoda ya yi magana, ya ba wani direba kaset ya kawo gida. Bayan rasuwarsa Inna ta nemi a sa mata shi. Rakodar gida ta daɗe da mutuwa, aka sa a mota, zafin rana ya lanƙwasa shi a ciki, ya ƙi fita har abada. Duk duniya nan kaɗai muryar Baba ta rage. Kowace Juma'a in Yaya ya wanke mota, Inna takan yafa mayafinta ta shiga gaba ta zauna, ya murɗa mata makulli ya ba ta wuri.

To, matsalar ita ce rediyon ba ya kama tasha ko ɗaya, abin da ya iya kenan, kaset ɗin. A lokacin kuwa motoci sun fara sa ekaran, ɗan talabijin ɗin nan da ake liƙawa a gaba, ga bafle, wato manyan lasifika, a baya kamar gidan biki. Fasinja ya zo tasha ya leƙa motar Yaya ya ji tsit, sai ya ce bari ya sayo goro, ka hange shi ya shige wata. Yaya ya yi haƙuri har ya gaji. Ranar da ya tunkari Inna da maganar, ina zaune ina tsinke zogale, kunnena kuwa yana wajensu.

"Inna, motar nan da ita muke ci. In ban sauya rediyon ba, wallahi haya za ta gagare ni."

Ta ɗago ta dube shi. Can ta ce, "Ka sauya. Amma ka kawo mini wancan gida yadda yake, da abin da ke cikinsa. Kada wani ya taɓa mini shi da ƙarfe."

Ya ce ya ji, zai haɗa mata shi da tsohon batir a ɗakinta, ta huta da shiga mota ma.

Ni kuwa tawa ta daban ce. Na lura a bukukuwan garinmu mai hoto namiji iyakarsa zaure, sai dai a yi ta jan amarya ko mai jego zuwa waje kamar za a kai ta asibiti, tsofaffi kuwa ba sa fita sam. Na ce in mace ta riƙe kamara ai har ƙuryar ɗaki za ta shiga. Sai na ji an ce an yi wata sabuwa da ba a sa mata fim, kana ɗauka kana gani a bayanta nan take. Barci ya ƙaurace mini. Ina hoton yake zuwa in babu fim? Wa yake wanke shi a ciki? Ni dama tun ina yarinya an san ni da tambaya, in na kama mutum sai ya ce "don Allah ki bar ni in sha ruwa." Na sayar da tumakina biyu, na nemi izinin maigidana, na ce wa Yaya ƙafarsa ƙafata.

Mun isa Ɗan Issa da hantsi. Layin masu kayan sauti kuwa, subhanallahi! Rumfuna ne a jere, kowace da injin wutarta yana ruri, kowane mai rumfa ya ƙure bafle don ya nuna nasa ya fi na maƙwabcinsa. Nan wa'azi, can kiɗan biki, gaba fim ana harbe-harbe. Sai ka sa baki a kunnen mutum kafin ya ji ka. Yaya ya kai motar gaban rumfar wani mai haɗa wayoyin mota, suka shiga ciniki da hannu kamar kurame, ni kuma na tsallaka rumfar da ke kallonsu inda na hango kamarori a cikin gilashi.

Mai kamarar dattijo ne mai haƙuri, Allah ya saka masa, don na gwada shi. Ya ɗauke ni hoto ya juyo mini, na ga kaina da baki buɗe, na ce "La ilaha illallahu, haka nake?" Ya nuna mini wani ɗan kati da bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, ya ce duk hotunan nan suke taruwa. Na ce a buɗe in gani. Ya ce ba a buɗewa. Na ce to in ya cika fa? In ruwa ya taɓa shi? In na goge mutum, mutumin yana jin wani abu a jikinsa? Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, saye kika zo yi ko jarrabawa?"

"Malam, matambayi ba ya ɓata. Wanga maɓallin fa, na mene ne?"

Ya ce in murɗa in gani. Na murɗa, na danna, wani jan ɗigo ya fara ƙiftawa. Na bi wata mai tallar fura da kamarar, na sake dannawa, ya nuna mini yadda ake kallo. Sai ga yarinyar tana tafiya a tafin hannuna, ga kuma hayaniyar layin nan gaba ɗaya tana fita daga ɗan akwatin. Na ce, "Au, har kunne gare ta?" Ya ce ƙwarai kuwa. Ban ƙara jan ciniki ba, na biya.

Na tsallako da murnata in nuna wa Yaya, sai na tarar da shi tsaye ya dafa kai. An zare rediyon daga gaban motar, yana kan kujera da wayoyinsa a haɗe, an cire murfinsa na sama. Mai gyaran ya yafito ni, ya nuna mini cikin rediyon da bakin turnabis, ƙarfensa na kwance sukuru, ba tare da ya taɓa ba. Ashe da suka zare shi sun ɗan kunna don su tabbatar yana aiki, sai muryar ta fito tana ja kamar mai maye, ya yi maza ya kashe. Zaren kaset ɗin ya tsufa ya yi laushi, ya fara nannaɗewa a jikin wata ƴar roba da ke jan shi.

Ya ɗaga murya a kunnena ya ce, "In ya juya sau ɗaya nan gaba, kun yi sa'a. In aka kai shi gida a kan hanyar nan taku mai ramuka, ban yi muku alkawari ba. In kuwa na ce zan fitar da shi, sai na fasa."

Na dubi Yaya. Mutum ne da ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba, amma ranar na gani. Ya ce, "Da wane baki zan gaya wa Inna? Ni na kawo shi nan."

Kamarar tana hannuna, ko takardarta ban cire ba. Ban san lokacin da na ce, "Yaya, wannan abin yana ji. A kunna sau ɗayan, in ɗauka." Ya harare ni, ya ce ba lokacin shirmena ba ne. Raina ya ɓaci, na ce shirmen nawa dai shi ya rage maka, na kunna masa mai fura. Ya kalla, ya saurara, sai ya girgiza kai ya nuna layin da hannu. Gaskiyarsa. A cikin wannan ƙara ko jaki ne ya yi kuka ba za a ji shi ba, balle muryar tsohon kaset.

Mai gyaran ya dubi layin. Ya ajiye turnabis, ya kashe injinsa, ya nufi rumfar maƙwabcinsa. Ina kallonsa yana magana a kunnen mutumin yana nuno mu. Mutumin ya miƙa hannu ya kashe nasa, ya tashi ya bi shi zuwa ta gaba. Wani matashi ya so ya yi gardama, wai yana da mai saye a tsaye, sai mai sayen da kansa ya ce masa, "Kashe mana, kai ba ka da uba?" Haka aka bi layin nan rumfa rumfa. Sai ga shi muna jin kukan kurciya a kan bishiya da ƙarar takalman masu tahowa. Dattijon da ya sayar mini da kamara ya zo da wani kati mai ɗaukar abu da yawa ya sa mini, ya ce layin nan bai taɓa yin shiru haka ba sai in an kira salla.

Maza suka kewaye motar. Yaya ya zauna a kujerar direba, ni na durƙusa a bakin ƙofa na kara kamarar kusa da bafle. Jan ɗigon ya kama, na gyaɗa kai, mai gyaran ya yi bisimilla ya danna.

"Assalamu alaikum," in ji Baba.

Kun san Musulmi da sallama. Mutanen nan da ba su taɓa ganinsa ba suka amsa gaba ɗaya, "Wa alaikumus salam." Na so in ce su yi shiru suna ɓata mini ɗauka, amma Baba ya riga ya ci gaba.

Ba wata babbar magana ba ce a ciki. Yana gaida Inna, yana gaida mu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa a gyara rumbu kafin ruwa ya sauka, kada a sayar da wake da wuri, a ce wa maƙwabci Baba ya ga ɗan'uwansa a can lafiya lau. Ya ce abincin can ba daɗi, ya yi kewar kifin tabki, ya yi dariya. Wasu daga cikin mutanen suka murmusa. Muryar tana ja, tana dawowa, ni kuwa idona yana kan zaren nan ina ta salati a zuci. Ya zo kan addu'ar rufewa, ya ce, "Allah ya tsare mini ku, Allah ya sa..." Sai muka ji ƙurrr, sannan ɗif. Zaren ya tsinke, ya cukurkuɗe a cikin ƙarfen.

Ba wanda ya motsa. Ban kashe kamarar ba don na manta yadda ake yi. Sai na ji murya daga kujerar direba, a shaƙe, tana cewa, "...Allah ya sa in tarar da ku yadda na bar ku. In kuma ban dawo ba, ku yafe mini, na yafe muku. Ku riƙe uwarku." Yaya ne. Bai tsallake kalma ɗaya ba, har inda Baba yake jan numfashi. Ashe mutumin da kullum yake ƙorafin kaset ya hana shi fasinja, in ya sauke mutane ya juyo shi kaɗai, shi yake kunnawa. Mutanen suka ce amin, aka shiga "Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta," wani dattijo ya ɗaga hannu aka yi fatiha.

An sa sabon ekaran da bafle, amma har muka iso Madarumfa ba wanda ya kunna. Tunanina ɗaya: Inna ta ce a kawo mata abinta yadda yake, ga shi mun kawo mata gawar rediyo da wani ɗauka cike da muryoyin ƙattin kasuwa.

Mun same ta a tsakar gida bayan la'asar. Yaya ya ajiye rediyon a gabanta, ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta shafa murfin kawai. Na matsa na ce, "Inna, saurari wannan," na kara mata kamarar a kunne.

Da ta ji sallamar ta runtse ido. Da ta ji an amsa ta buɗe.

"Su wane ne waɗannan?"

"Masu sayar da kayan sauti ne, Inna."

"Sun san shi?"

"Ko kaɗan."

Ta riƙe hannuna don kada in janye, ta saurara har wurin da zaren ya tsinke. Na ji yatsunta sun matse ni. Sai muryar ɗanta ta ɗauka daga inda ta mijinta ta tsaya, sai amin ɗin mutane. Ta dubi Yaya, shi kuwa ya kasa ɗago kai. Na yi ƙarfin hali na ce ta yi haƙuri, na san ba kamar na da ba ne, hayaniya ta shiga.

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ɗiyata, bar mini wanga. A wancan shi kaɗai yake ta magana, ba mai amsa mishi."

Washegari Yaya ya kai katin Maraɗi aka juye shi a faifai da yawa, muka raba wa dangi. Har yau ina mamakin yadda muka yi shekaru da murya ɗaya tak a cikin rediyon da rana take gasawa, ba wanda ya ce a kwafe ta, muna ganin tunda ta yi magana wannan Juma'ar za ta yi ta gaba. Abin da ranar ta koya mini kenan: abin da kake ƙauna, adana shi tun yana hannunka, kada ka jira sai ya fara ja. Shi ya sa duk gidan bikin da na shiga da kamara, kafin in nemi amarya sai na fara zuwa ɗakin tsofaffi, in zauna in ce su yi mini magana.