Direbobi Biyu a Shagon Malam Laouali

Shekara ashirin da huɗu, in ka cire Juma'a da kwanakin hutun gida, babu safiyar da Malam Laouali bai hau bas daga unguwar Utaiƙa zuwa kasuwar Batha a birnin Riyad ba. Filas ɗin shayi a hannun dama, ledar gurasa a hagu, tabarau na reto a ƙirji da igiyar da matarsa ta kitsa masa a Maraɗi. Yana isa sai ya ɗaga ƙofar shago, ya kakkaɓe ƙurar da ta kwana, ya shimfiɗa tsumma ya jera sukundireba daga babba zuwa ƙarami. Shagon kuwa kada ka sa rai da wani abin kallo. Lungu ne a hawa na biyu na ginin masu kayan kwamfuta, tsakanin ɗan Bangaladash mai sayar da caja da ɗan Yaman mai liƙa wa wayoyi gilashi. In mutum uku sun shiga, na huɗu sai dai ya leƙo da kai. Sunan da ke allon ƙofar ma ba nasa ba ne, na kafil ɗinsa ne, Balaraben da ya ɗauko shi aiki.

Ba makaranta ce ta koya masa ba. Gyaran rediyo ya iya a gida, kuma shara ce ta kawo shi wannan gini. Yana shara yana satar kallon hannun masu gyara, har tsintsiya ta haƙura ta sake shi. Yau duk Bahaushen Riyad da wasan kwamfuta ya yi wa gardama ya san inda zai nufa, musamman in wasan ya kafe cewa bai ga katin hoto ba. Katin hoto shi ne wannan faifai mai fanka da ke cikin kwamfuta, wanda ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Yana iya kasancewa a ciki lafiyarsa lau, fankarsa na juyawa, amma wasa ya rantse babu shi. Masu gaggawa sai su ce ya mutu, a sayi sabo. Malam Laouali bai taɓa yarda wani abu ya mutu ba sai ya buɗe ya duba da idonsa.

Ku tambayi Injiniya Gidaɗo, mutumin Yola, wanda ya taɓa shigowa da laftof a hammata da Turanci a baki. Kwana uku ya yi yana fama, ya karance duk abin da ke intanet, ya yanke hukunci cewa an sayar masa da jabu. Malam ya bar shi ya gama lacca, ya zuba masa shayi, sannan ya nuna masa cewa laftof ɗin kati biyu gare ta, ƙarami da babba, kuma shi injiniya da kansa ne ya sa ta a tsarin tattalin batir, wasan ya riƙa gaisawa da ƙaramin. Dannawa biyu aka yi. Har yau in sun haɗu a masallaci, Gidaɗo kan riga shi miƙa hannu yana dariyar kansa.

Amma ba don injiniya aka ɗauki wannan alƙalami ba. Don Harouna ne.

Harouna mutumin Damagaram ne, direban gidan wani Balarabe a unguwar Nasim. Shekara goma sha ɗaya yana kai yara makaranta, yana kai uwargida kasuwa, ko madubi bai taɓa gogewa ba. Bara, yana tsaka da wanke mota, soso ya faɗi daga hannunsa na hagu, ya sunkuya zai ɗauka hannun ya ƙi. Shanyewar ɓarin jiki ce, Allah ya sa ta zo da sauƙi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ya tsaya jan ƙafa. Kafil ɗinsa ba mugu ba ne, amma gida na bukatar direba. Ya ce masa wata huɗu: in likita ya sa hannu ya koma sitiyari, in ba haka ba a sallame shi ya koma gida, a kawo wani. A Damagaram kuwa mutum tara ne ke ci daga wannan sitiyari.

Sista Sailuba, 'yar Zariya mai aikin gashin ƙashi a asibitin da yake zuwa, ita ta ba da shawarar. Ta lura motsa jikin da take ba shi yana yi ne kamar shan magani mai ɗaci, rai a ɓace. Ta ce a nemo masa wasan tuƙin mota mai sitiyari da birki da totur, ya riƙa yi kullum ƙari a kan na asibiti, don hannun direba sitiyari ya sani. Abokan ɗakinsa suka haɗa kai suka samo tsohuwar kwamfuta da sitiyarinta a kasuwar gwanjo. Aka jona, aka kunna, kowa ya zuba ido. Allo ya yi baƙi, ya fito da rubutu layi ɗaya. Suka ɗauki hotonsa suka tura wa Sista, ta ce cewa yake ba a samu katin hoto ba.

Sati biyu suka tafi a haka. Shago uku aka kai ta, duk ukun suka karanta rubutun suka ce kati ya mutu, babu wanda ya kwance ko noti ɗaya. Ousmane, abokin ɗakinsa, shi ya ɗauko kwamfutar a kafaɗa zuwa Batha wata safiyar Asabar, Harouna na biye da shi da hannu a cikin aljihun jallabiya. Daga bakin Ousmane muka ji abin da ya faru.

Malam Laouali ya dubi mai kaya kafin ya dubi kaya. Ya ga hannun da aka ɓoye, ya nuna wa mai shi wurin zama.

"Zamna, ƙanena. Mi ta ce muku?"

"Malam, cewa take babu kati. Shago uku sun ce shi ke nan, ya mutu," in ji Ousmane.

"Su suka yi mishi wanka? Bari mu gani tukuna."

Ya fara daga baya. Wayar allo a ramin sama suka soka ta, na jikin kwamfutar, alhali ramin katin yana can ƙasa. Ya zare ya mayar inda ya dace. Ya kwance murfi, ya ciro katin a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ya hure ƙurar da ta yi masa bargo, ya goge haƙoransa, ya mayar ya danna har ya ji ƙas. Ya taɓa wayar wutar katin ya ji ta yi sako-sako, ya matse. Ya kunna, ya kara kunne. Fanka ta juya. Ya buɗe wasan, rubutun nan ya sake fitowa kamar ba a yi komai ba.

Malam ko a jikinsa. Ya gyara tabarau, ya shiga inda kwamfuta ke jera sunayen kayan cikinta. Ga katin nan a jerin, amma babu suna, sai wata alamar rawaya a gefensa. Ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo, ya faɗa wa allon, ba wa kowa ba:

"Na gane. Kati lahiya lau yake. Direba na ya lalace. Ya tsuhwa, ba ya iya aiki, sai an hidda shi an sa sabo."

Harouna ya miƙe tsaye a hankali. Maganar da yake gudu wata biyu, wadda yake gani a idon kafil da idon likita, yau ga wani dattijo da bai san shi ba ya faɗe ta a bainar jama'a. Idonsa ya kawo ruwa.

"Malam, na sani. Amma ba sai ka faɗa mini a gaban mutane ba."

Malam Laouali ya juyo baki buɗe. Ousmane ya raɗa masa cewa ai mutumin direba ne, ga kuma halin da yake ciki. Wani da dariya zai yi, don abin da ban dariya. Malam bai yi ba. Ya tashi ya kama wancan hannu na hagu, ya zaro shi daga aljihu, ya zaunar da mai shi a kan kujerarsa ta aiki, kujerar da ko kafil ba ya zama a kai.

"Subhanallahi! Ba da kai nike ba, ƙanena. Dubi nan. Cikin na'ura akwai wata 'yar manhaja, ita ma direba a ka ce mata. Ita ka gabatar da kati wurin wasa, kamar iƙama, takardarmu ta zaman ƙasar ga. In iƙamarka ta ƙare, kana nan da ranka da ƙarhinka, amma ofis ya ce bai san ka ba. To an taɓa jefar da mutum don takarda tai ta ƙare? Sabuntawa a kai."

Sai ya ce ba shi zai yi ba, Harouna zai yi, kuma da hagu. Ya ɗora masa hannun a kan linzamin kwamfutar. Yatsun na rawa, kibiyar na yawo a allo kamar ƙuda, Malam na faɗin "sannu, ba mu da sauri." Suka goge tsohon direban kakaf, suka kashe suka kunna, suka sauko da sabo wanda ya dace da katin. Abin da Malam zai gama kafin shayi ya huce, sai da ya kai su kiran azahar. Suka rufe shago suka yi salla suka dawo. Alamar rawaya ta ɓace, katin ya fito da cikakken sunansa. Aka jona sitiyari, aka buɗe wasan, sai ga titi shimfiɗe har ƙarshen allo.

Ousmane ya ce Harouna bai yi minti ɗaya ba ya afka wa shingen titi. Ɗan Bangaladash da ya leƙo ya ce, "Sadik, shuwayya shuwayya!" wato aboki, a hankali. Kowa ya fashe da dariya, har da Harouna, wanda rabonsa da dariya tun ranar da soso ya faɗi.

Kai ne, Malam Laouali, wanda bai tsaya nan ba. Kai ne ka rubuta masa matakan da ajami a bayan kwali, don in ta sake gardama kada ya jira kowa: duba waya, duba zaman kati, duba wuta, sannan ka tambayi direba. Kai ne kake kiransa duk Juma'a bayan masallaci, tambayarka ɗaya, shinge nawa aka buge wannan sati. Daga goma sha biyu aka dawo bakwai, daga bakwai aka dawo biyu. Sista Sailuba ta ce aikin asibiti ne da taimakon Allah suka ɗaga hannun, ba wasa kaɗai ba, kuma gaskiyarta. Amma ta ƙara da cewa majinyacin da ya fid da rai ba ya motsa jiki, kuma ba ita ce ta dawo masa da ran ba.

Saura kwana tara wa'adi ya cika likita ya sa hannu.

Bana idon Malam ya ce ya gaji. Ƙananan notuna sun fara yi masa ɓuya, shi kuma ba mai yin aiki da lalube ba ne. Ya naɗe tsummansa, ya ce Maraɗi ta yi kira. Babu wanda ya shirya masa taro, babu lambar yabo, allon ƙofa ma ba sai an canza ba tunda dama ba sunansa ba ne. Abin ya yi mana ciwo, mu da muka sha shayinsa.

Ranar Talatar da ta wuce da hantsi, yana tsaye a bakin titi a Utaiƙa da akwatuna biyu yana neman tasi, sai ga wata farar mota ta faka a gabansa, tsaf, ko taɓa dakali ba ta yi ba. Harouna ne. Ya roƙi kafil ɗinsa aron mota da rabin yini. Ya fito ya ɗaga babban akwatin da hagu, da gangan, ya sa a but. Duk tsawon hanyar filin jirgi Malam bai kalli titi ba, hannun da ke kan sitiyari yake kallo. Da suka tsaya Harouna ya juyo.

"Malam, yaya ka ga direban?"

Malam Laouali ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"An gane shi," ya ce. "Wanga ba ya bukatar canji."

Mun gode, Malam Laouali na Maraɗi, mai buɗewa kafin ya yanke hukunci. Allah ya huta gajiya, ya ƙara wa ido haske, ya sa ka ci gajiyar hannunka a cikin jikoki. Ku kuma da kuka rage a shagunan Batha, da mu da ke ofisoshi da asibitocin garin nan, in an kawo mana abin da aka ce ya mutu, na'ura ce ko mutum, mu daure mu kwance murfin mu duba. Harouna na nan a Nasim, gobe da safe shi zai kai yara makaranta.