Zuwa Kano Neman Katin Hoto Don Gyaran Murya

Kura, biyar da rabi na asuba

Ana sallame sallah na ɗora kwamfutar abokina Sabi'u a ka na nufi bakin titi. Shi ne mai situdiyo a unguwarmu, ni kuma mawaƙi, a ganina dai. Ƙungiyar manoman rani ta ba ni aikin waƙar da za a sa a walimarta ranar Asabar, na kuma riga na cika baki. Amma da zarar Sabi'u ya ɗora wa muryata eko, wato amsa-kuwwa, sai kwamfutar ta kama in'ina. Wani ya ce masa katin hoto, wanda ake sa wa kwamfuta don wasanni, yana iya ɗauke mata nauyin sauti. Sabi'u yana da ban-ruwa a gona, sai ni aka tura.

Karfi, shida da kwata

Bas ɗinmu rabi mutane, rabi kwandunan tumatir. Kwamfutar tana kan cinyata. Wani dattijo a gefena ya tambayi ciwonta, na ce murya ce, zan nemo mata katin hoto.

"Ɗana, ciwo a kunne, magani a ido?"

Har Tamburawa ana yi mini dariya, abin ya ɓata mini rai ƙwarai.

Kano, takwas saura

A Na'ibawa na hau acaɓa na ce a kai ni wurin masu katin hoto. Ya sauke ni a shagon ɗaukar hoto. Kafin in gama bayani an zaunar da ni gaban labule mai zanen jirgin sama, an ɗauke ni rungume da kwamfuta. Sai goma da rabi na isa layin 'yan kwamfuta, na sayi ƙosai na ci a tsaye.

Mai wani shago a layin, ana ce masa Injiniya, ya buɗe ta ya hure ƙaiƙayin shinkafa daga ciki.

"Malam, kwamfutarka manomi ɗaya ce da fartanya," ya ce. "Katin nan kuwa gayya ne. Ƙananan ayyuka barkatai yake yi lokaci guda, ba ruwansa ko hoto ne ko amo, in dai an sa manhajar da ta san hanyarsa."

Ya dasa katin, ya sa manhajar, ya gwada da kiɗa. Ko tari ba ta yi ba. Na ce ya gwada muryata, ya ce yana da jama'a.

Kura, bayan la'asar

Na samu Sabi'u da shugaban ƙungiya suna jira. Aka haɗa wayoyi, aka kunna. Muryata ta fito tas, ba yankewa ko ɗaya, eko yana maimaita kowane kuskure sau uku. Awakin maƙwabta suka amsa. Shugaba ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Sabi'u," ya ce a hankali, "ba za a iya dawo da in'inar nan ba? Da ta fi rufa masa asiri."

Waƙar dai ƙanin Sabi'u ne ya rera ranar Asabar, ni na riƙe masa takarda. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa direba da Injiniya. Katin kuwa ban gode masa ba har yau.