Anti Laraba da dodannin Indiya

Da safen nan labarin ya iso ni. Anti Laraba ta rasu.

'Yarta ce ta kira ni daga garin Largo. Na ce mata to, na gode, kamar wadda aka gaya wa farashin tumatir. Sai da na ajiye wayar sannan maganar ta shige ni.

Da yawanku kun san ni a matsayin nas ta ɗakin tiyata. Abin da ba ku sani ba, saura ƙiris a kore ni daga makarantar koyon jinya.

A tsakiyar shekarun 1980 na zo nan Amurka daga Kafanchan. Karatu ba ya ba ni wahala, amma da na ga jini sai jiri ya kwashe ni. Sau biyu ina suma a gaban majinyaci. Malamarmu ta kira ni ofis ta ce in na faɗi na uku, in nemi wata sana'ar. Bizata kuwa ta karatu ce. In makaranta ta sallame ni, sai gida, hannu rabbana.

Anti Laraba 'yar Jos ce, ta daɗe tana aikin nas a nan. Ba mu haɗa dangi ba, coci kawai muka haɗa. Wata Lahadi bayan sujada na gaya mata ina kuka.

Ta ce, “Shi ke nan abin? Ki zo gidana ran Asabar da rana. Kada ki ci komai.”

Na ɗauka azumi da addu'a za mu yi. Ina zuwa na tarar da tuwo da miyar kuka, ga kaset ɗin bidiyo a kan talabijin, wanda ta karɓo haya a shagon wani Ba'indiye a unguwar Langley Park.

Fim ɗin ban tsoro ne, irin na Indiya masu arha. Tsohon gida, kabari a buɗe, dodo da fuskar roba har kana hango wuyan mutumin da ke ciki. A kashe mutum yanzu, an jima kaɗan saurayi da budurwa suna rawa a gindin bishiya kamar ba a yi ba. Yau abin dariya ne. A lokacin kuwa filon kujera na rungume.

Babu rubutun Turanci a ƙasan fim ɗin. Sai Anti ta miƙe ta tsaya gefen talabijin, yadda masu jin Indiyanci ke yi wa abokansu a silima can gida, ta shiga fassara. Muryar tsoho daban, ta budurwa daban, har dodon sai da ta ba shi Hausa.

Amma ba wannan ne ya ɗaure mini kai ba. Sai ta ce, “Saratu, shirya. Yarinyar za ta buɗe ƙofar nan, hannu zai fito ta hagu.”

Hannu ya fito ta hagu.

Haka kowace Asabar, kuma kowane kaset sabo ne, ranar ta fara saka shi. Har na fara yi mata wani irin kallo.

In jini ya tsarto sai ta tsayar da kaset. “Buɗe idonki. Wannan jini ne ko miyar tumatir? To a ce na gaske ne, ina za ki danna ya tsaya?” Ta sa ni in je gaban talabijin in nuna da yatsa. Ta ce abin da ke kayar da ni ba jinin ba ne, zuwansa ba zato ne, don haka a tiyata in riƙa tambaya tun kafin a yanka me zai biyo baya.

Ban sake suma ba. Ko sau ɗaya.

Shekara da shekaru ina yi wa mutane alfahari cewa na san wata 'yar Jos da ke jin Indiyanci kamar a can aka yanke mata cibi.

Ganina da ita na ƙarshe wata biyu ke nan. Ta rame sosai, amma bakin nan yana nan. Aka yi dace mai zuwa gasa mata ƙafafu 'yar Indiya ce. Na ce, “Anti, ki ɗan yi mata yarensu mana.”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

“Ni? Ko ruwa ban iya roƙo da Indiyanci ba.”

Na saki baki. Ta ce ai fina-finan nan yawanci kwafar na Amurka suke yi, har inda dodo zai ɓullo. Mai shagon ne ke gaya mata wanne aka kwafa daga wanne. Sai ta karɓi biyun, ta kalli na Turancin ita kaɗai ranar hutunta, ta haddace shi. Inda Indiyawan suka kauce hanya, suka kawo boka ko waƙa, sai ta ƙirƙiro nata.

“Kuma na Turawan nan ba wasa,” in ji ta. “Ta tsakanin yatsu nake kallo, Littafi Mai Tsarki a cinyata. Na fi ki tsoro, Saratu.”

Na ce to me ya kai ta?

Ta ɗaga kafaɗa. “Ai dole ɗaya ta fara shiga. Ni ce babba.”

Wallahi har yanzu na rasa abin da zan kira wannan. Mace ta gaji da aikin asibiti, ta ɗauki ranar hutunta guda ta zauna tana razana kanta saboda 'yar wasu.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Laraba. Ka ba ta hutawa a inda babu tsoro, ka ta'azantar da 'ya'yanta da jikokinta.

Duk wanda ya karanta, Kirista ko Musulmi, don Allah ya sa ta a addu'a yau. Ni tun safe in na fara sai kuka ya tare ni.