Ɗan Goyona Ya Maka Ni a Kotu

Ku matso ku ji, yau ƙafata ta taka inda ta uwata ba ta taɓa takawa ba.

Da hantsi ina tankaɗe sai ga masinjan alƙali, wai an yi ƙarata, in zo yanzu. Na ce, "Ni? Wane ne?" Ya ce Sani. Sani dai ɗan marigayi ƙanena ne, ni na goyi yaron a bayan nan har zanena ya ƙoƙe. Tun da ya samu aiki a Ikko yake tsorata mutane da Turanci, kowa ya taɓa shi sai ya ce zai yi suwin ɗinsa. Ashe kai ƙara ke nan, yau kuma ta faɗo kaina. Gonar hanyar Dutsi yake so, wadda nake cin geronta, zai sayar wa ɗan kwangila.

Na yafa mayafi na tafi, gari bai ma fita daga hannuna ba.

Alƙali ya ce, "Wa kake ƙara?" Na zaci zai ce Inna, kamar yadda ya saba tun yana koyon magana. Sai ya gyara wuyan kwat ya ce, "Hauwa'u." Haka gatsau, a gaban maza! Sunan da ko mijina bai taɓa kamawa ba har ya koma ga Allah.

Alƙali ya ce, "Iya, me za ki ce?"

Na ce, "Allah ya gafarta malam, a ba shi gonar. An ce ɗana ne ya kawo ƙarata, na duba ɗakin nan kaf ban gan shi ba."