Abin da Aka Yi Ta Faɗa Bayan Ɓatan Ɗan Maƙwabciyata

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Illela, gajera ce kuma, in na taka turmi ina hango tsakar gidansu. Ta samanta muke miƙa wa juna gishiri da garwashin wuta. Mijinta ɗan kabu-kabu ne, yana jigilar mutane daga bakin kasuwa zuwa bakin iyaka. Ɗansu na biyu bai wuce shekara biyar ba a lokacin, bakinsa kuma bai buɗe sosai ba. Ya iya cewa Inna, ya iya cewa ruwa, sauran sai nuni da yatsa. Dabbobi ne abin sonsa. In aka kora awaki ta ƙofar gida, sai an riƙe masa hannu.

Wata Lahadi ce, ranar kasuwa, ƙarshen damina. Ya fita da hantsi tare da yaran unguwa, yaran suka dawo cin abinci, shi bai dawo ba. Kafin la'asar an duba gidajen dangi, an leƙa kududdufi, an yi cigiya a lasifikar masallaci. Uban ya ajiye aiki ya zagaye kasuwa har aka watse, daga nan ya wuce ofishin 'yan sanda ya kai rahoto.

Ni kuwa ina da ƙane ɗan sanda, autanmu, Auta muke kiransa. Aiki ya kawo shi garin, bai yi aure ba tukuna, a gidana yake cin abinci. Wannan kaɗai ya isa ya sa duk matar da ta shigo jaje ta fara duba fuskata kafin ta duba ta uwar yaron.

Na tare a gidan maƙwabciyata kusan gaba ɗaya. Ni ke ɗora tukunya, ni ke shimfiɗa wa baƙi tabarma. Ita tana zaune gindin dalbejiya da waya a hannu, duk ƙarar da ta yi sai ta zabura. Mata suna shigowa rukuni-rukuni, su ce Allah ya bayyana, mu ce amin. Da a nan suke tsayawa da an ji daɗi. Amma kowace da abin da ta ji.

Tun washegari aka ce wata farar mota mai baƙin gilashi ce ta ɗauke shi. Wani ya yi magana a waya, muryar ta yi ta yawo daga wannan waya zuwa waccan, yana rantsuwa cewa a gabansa aka yi. Ba wanda ya san mai muryar. Da na tambayi Auta ya ce sun neme shi, sun bi wanda ya tura wa wanda ya tura, har zaren ya kai su ga wani ɗan garin da ke zaune a Legas, wanda rabonsa da gida tun kafin azumi.

Cikin masu zuwa akwai gwaggon mijin, tsohuwa mai ƙarfin murya, kullum da safe tana nan. Ba muguwa ba ce. Ita ke kawo fura, ita ke tilasta wa uwar yaron ta kurɓa. Amma ba ta iya riƙe magana, kuma duk abin da ta ji a hanya sai ta sauke shi a tsakar gida.

Wata safiya ta shigo ko zama ba ta yi ba ta ce, "Kun ji abin da anka yi? Sun kama ɓarawon, wani babba ya bugo waya, sun sake shi."

Ta juyo gare ni. "Ke da ƙanenki ke ciki, ki gaya muna gaskiya. Nawa anka ba su?"

Na ce, "Gwaggo, wallahi ban san komi ba."

Ta ce, "Awo, ai ba ki faɗi."

Da rana Auta ya zo, na ajiye masa kwano na zauna ina kallonsa. Takalminsa duk laka, wuyan rigarsa ya yi baƙi da gumi. Na tambaye shi zancen wanda aka saka. Ya ce wani baƙo ne, mai sayen fatu, ya tsaya bakin rijiyar burtsatse yana tambayar yara hanyar tasha, sai wani ya yi ihu. Kafin su iso an fasa masa kai. Sun ajiye shi ne don kada a kashe shi, sun bincika, ranar da yaron ya ɓata mutumin yana kwance asibiti a garinsu.

"To mi za mu yi da shi, Yaya? Mu riƙe shi don mutane su ji sanyi?"

Na koma na faɗa wa matan haka. Wata ta ce a hankali, "Ai dole su ce haka." Daga ranar na daina kai bayani. In na yi magana, ƙanena nake karewa. In na yi shiru, akwai abin da nake ɓoyewa.

Maigidana ma da nasa yake dawowa. A bakin kasuwa yake da rumfa, majalisa kuma a gabanta take. Can an ce 'yan sanda ba su fita ko'ina ba, suna zaune ƙarƙashin bishiya. An ce sun fita, amma sai da uban ya sayar da babur ya zuba musu mai, alhali babur ɗin yana jingine a zaurensu ina ganinsa. An ce an tsallaka da yaron cikin buhu ta gaban shingen bincike. An ce sun san gidan da yake, manya ne a ciki. Mutumin da ya ce da safe ba sa komai, shi ne da yamma zai ce sun san komai.

Ba zan ce ban taɓa shakka ba. Na girma ina jin abin da ake faɗa a kan masu kaki, wani kuma na gani da idona a kan hanya. Wata rana na tsare Auta na ce, "Tsakaninka da Allah, ana neman yaron ga?"

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya ce shi ƙaramin ma'aikaci ne, bai san abin da ake faɗa a ofishin manya ba. Abin da ya sani, ya bi tasha mota-mota da hoton yaron, ya je Amarawa, ya je Garu, ya shiga gonakin gero har ƙaiƙayi ya hana shi barci. Sun aika wa jandarmomin Konni, jami'an tsaron tsallaken iyaka, hoton, don su ba su da ikon tsallakawa su yi bincike a ƙasar wasu. Duk wanda ya bugo ya ce ya ga yaro sai sun je, kuma masu bugowa ba su da iyaka.

"Rabin aikinmu bin maganar mutane ne," ya ce. "In ba mu tahi ba a ce mun ƙi. In mun tahi, yinin ya tahi."

Na ƙara masa miya.

Mafi munin ranakun ita ce ta zancen rijiya. Wata mata, ban ma san ta sosai ba, ta shigo da kuka tun daga zaure tana salati. Ta ce an tsamo gawar yaro a wata tsohuwar rijiya wajen Garu, 'yan sanda sun nannaɗe sun ɓoye don kada gari ya tashi. Maƙwabciyata ta miƙe tsaye, ta yi taku biyu, ta zube. Muka yi ta yayyafa mata ruwa. Na kira Auta. Ya ce gaskiya ne sun je rijiyar, manoma sun ji wari sun kira su, an sa mai haƙar rijiya ya shiga da igiya. Tunkiya ce.

Da ta farfaɗo na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, "Ki rantse." Na rantse. Ta ce, "To ki rufe ƙofar gidan nan. Kowa yaz zo ki ce ina kwana."

Na rufe. Amma ba a rufe ƙofar jaje a garinmu a zauna lafiya. Kafin yamma an ce ai masu gidan sun san abin da suka sani, shi ya sa ba sa son ido. Dama 'yan sanda sun kira uban sun yi masa tambayoyi, kamar yadda suka kira duk wanda ya ga yaron a ranar. Sai aka haɗa wannan da wancan, aka ce shi ya ba da ɗansa, yaron da ba ya magana, don a yi masa aikin arziki. Mutumin da ya rame har wandonsa na zamewa. Ya daina sallah a masallacin unguwa, ya koma wani can nesa inda ba a san shi ba. Wata rana na ji shi ta saman katanga yana ce wa matarsa, "Ni yanzu ko an gane shi, ban san yadda zan dubi mutanen ga ba."

A sati na biyu masu jaje suka ragu. Maganar dai ba ta ragu ba, ta koma wayoyi da majalisu. Mu kuma muka shiga wata irin gajiya da ban taɓa sani ba. Ba kuka, ba hira. In waya ta yi ƙara ba ta zabura kuma, sai ta miƙo mini ta ce in ɗauka. Nakan wanke kwanonin da na riga na wanke don kawai in sami abin yi.

Cikin sati na uku, da hantsi, Auta ya shigo gidan ba tare da ya tsaya sallama ta biyu ba. Ya durƙusa gaban maƙwabciyata ya nuna mata hoto a wayarsa, wanda jandarmomi suka turo. Yaro ne zaune kan benci da wata hula da ta yi masa yawa.

"Inna, duba da kyau. Shi ne?"

Ta karɓi wayar ta manna a ƙirji, sai da na ɓamɓare yatsunta.

Da la'asar aka kawo shi. Abin da ya faru ba shi da farar mota a ciki. Ranar kasuwar ya bi wasu shanu masu jan amalanke, ya haye baya ya kwanta cikin buhunan da babu komai, barci ya ɗauke shi. Mai amalanken, wani dattijo daga wani ƙauye can bayan Konni, ta hanyar daji yake bi, bai gan shi ba sai da ya isa gida yana sauke kaya. Ya tambaye shi sunansa da garinsu, yaro sai nuna shanu yake. Dattijon ya yi niyyar dawowa da shi kasuwa mai zuwa ya yi cigiya. Kafin ranar ta zo labari ya iso ƙauyensu cewa a Illela an fasa kan wani baƙo saboda yaron da ya ɓata, kuma duk wanda aka gani da shi ba zai kai ofis da rai ba. Tsoro ya kama shi. Ya kai yaron wurin mai garinsu, shi ma ya yi ta juya abin, har dai daga baya ya kai maganar ga jandarmomi, suka duba hoton da ke hannunsu.

Yaron ya dawo da ƙiba ma. Matar dattijon ta yi ta ba shi nono da fura. Uwar ta yi masa wanka, ta duba shi tun daga kai har tafin ƙafa, sannan ta kwanta da shi a jikinta ta yi barcin da sai da muka riƙa leƙawa muna duba numfashinta.

Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan. Washegari gidan ya cika da 'yan barka, ina raba ruwa ina jin su. Wata ta ce kuɗin fansa aka biya a ɓoye, zancen amalanke shiri ne. Wata ta ce 'yan sanda sun san inda yake tun farko, sun jira ne abin ya yi zafi don a yaba musu. Gwaggo ta ce ita dai ba ta ce komi ba, amma a ce yaro ya tsallaka ƙasa guda ba wanda ya gani? Na ajiye butar na koma gidana na kwanta.

Auta bai sami yabo ba, bai kuma nema ba. Ya ce gaskiya ba su suka gano shi ba, hoton kawai suka aika. Bayan 'yan watanni aka yi masa canjin wurin aiki, wasu suka ce saboda maganar yaron ne.

Da aka yi girbi, maƙwabciyata ta sa mijinta ya ɗaure buhun gero da turmin atamfa a bayan babur ya kai wa dattijon da matarsa. Ya dawo da yamma ya ba mu labari ta saman katanga. Ya ce da ya isa ƙauyen ya yi tambaya, mutane suka ce ba su san mai wannan kama ba. Ya daɗe zaune gindin wata bishiya, sai da mai gari ya fito ya tabbatar shi kaɗai ya zo, sannan aka aika aka kira dattijon daga gona. Ya karɓi kayan ya yi godiya, ya tambayi lafiyar yaron. Uban ya ce masa in ya shigo kasuwa ya biyo gida ya ci abinci. Dattijon ya ce ya gode, amma ya bar cin kasuwar Illela, yanzu ɗansa yake aikawa.