Kakan Aro

Shekarar da kwalejinmu ta yanke shawarar mayar da darussa kan intanet, aka jefa ni cikin kwamitin da zai zaɓo manhajar da za a yi aiki da ita. Ban nema ba. An dai ga na daɗe ina koyar da tarihin fatauci, furfura kuma ta fara leƙowa, sai aka zaci hankali ya zo tare da ita. Mu biyar ne. Shugabarmu wata Hajiya ce daga sashenmu, 'yar gidan Larabawan cikin gari, marar yawan magana, wadda in ta dube ka ta saman gilashinta sai ka fara tuno laifuffukanka.

Manhajoji biyu ne suka rage bayan tankaɗe da rairaya. A ta farko kowane malami da ɗakinsa a kulle, shi da ɗalibansa kaɗai ke ganin abin da ya ɗora. Ta biyun kuwa a buɗe take kamar tsakar gida, duk malamin sashe yana iya shiga ya karanta takardun laccar ɗan'uwansa daga farko har ƙarshe. Ranar da wakilin kamfanin ya haska wannan a bango yana ta murmushi, na kawar da ido daga bangon. Na sunkuyar da kai kamar mai rubutu, alhali biron ko buɗe shi ban yi ba.

Takardun laccata ba nawa ba ne. Lokacin da na fara aiki, malamina ya ara mini wani littafinsa mai baƙin bango, cike da rubutun hannunsa, ya ce in dogara da shi zango ɗaya kafin in tsaya da ƙafata. Zangon bai ƙare ba Allah ya yi masa rasuwa. Na je gaisuwa gidansu a unguwar Mandawari da littafin a jakata, na zauna, na yi addu'a, na taso da shi. Daga baya na kai aka buga shi da na'ura, sunana a saman kowane shafi. Wannan malamin kuwa baffan Hajiya ne, ƙanin mahaifinta.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A tsakiyar littafin Malam ya rubuta labarin kakansa: yadda ayarinsu ya tarar da rijiya ta ƙafe a cikin Sahara, kakan ya saki tsohuwar raƙumarsa, suka bi ta kwana biyu har ta kai su ga ruwa. Ranar da na fara karanta wa aji, na karanto "kakana" yadda yake a rubuce. Ajin ya yi tsit, idanu duk a kaina, na ji daɗin abin, ban gyara ba. Shekara na bin shekara har na ƙara wa raƙumar ɗingishi. Kakana na gaskiya kuwa maɗinki ne a unguwar Soron Ɗinki, an ce ko jaki bai yarda ya hau ba. Mahaifina ma, da yake karantarwa a zauren gidanmu, bai taɓa biya layi ɗaya ba sai ya faɗi wurin wanda ya karɓo shi, ya yi masa addu'a. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Na gwada sake rubuta takardun da kalmomina. Ranar wata Asabar na zauna tun hantsi har la'asar, amma duk jimlar da na fara sai ta ƙare da muryar Malam. Nan na gane ban da littafin nan ba ni da komai, tsoro ya kama ni sosai.

Sai na koma yaƙi a kwamiti. Na ce manhajar da ke buɗe tana da nauyi, ɗalibanmu na lungunan cikin gari ba su da sabis mai ƙarfi. Wata matashiyar malama ta ciro tsohuwar wayarta ta buɗe ta nan take, ta fi ɗayar sauri ma. Na ce za ta cinye musu data. Aka nuna mini ana iya sauke darasi sau ɗaya a karanta ba tare da sabis ba. Da hujjoji suka ƙare sai na ɗau zafi, na bugi tebur, na ce malami yana da sirri, ba a mayar da ajinsa kasuwar Ƙofar Wambai kowa ya shigo ya taɓa kaya. Borin kunya ne kawai. Hajiya kuwa rubutu kawai take yi.

Ranar ƙuri'a hannu huɗu suka tashi wa manhajar da ke buɗe. Nawa ya tsaya a kan cinyata. Ana watsewa Hajiya ta ce, "Malam, ɗan dakata."

Ta gama haɗa takardunta a nitse, sannan ta dube ni. "Ashe mu 'yan'uwa ne ban sani ba."

Na ce, "Ban gane ba, Hajiya." Ƙarya nake.

"Duk shekara ɗalibanka in sun zo ajina sai sun ba ni labarin kakanka da raƙumarsa. Bara ma na ji wai ta fara ɗingishi. Mu dai a gidanmu lafiyarta ƙalau."

Da ƙyar na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun shekararka ta farko."

"Amma ba ki taɓa…"

"Jira nake ka kawo da kanka. Matar Baffa ta nemi littafin nan har ta bar duniya, don shi kaɗai ne rubutun hannunsa da bai shiga hannun gara ba." Ta rataya jakarta. "Ka ɗora takardun, ɗalibai na buƙatarsu. Ka sa sunan mai su. Littafin kuma ka san gidan."

Washegari na kai shi Mandawari, na miƙa wa babban ɗan Malam a zaure, ban iya haɗa ido da shi ba. Na ɗora takardun da sunan Malam a shafin farko, na yi masa addu'a a ƙasa kamar yadda mahaifina yake yi.

Saura aji. Da muka iso darasin rijiyar, na ga sun gyara zama, don na gaba da su sun riga sun ba su labari. Na dafa tebur, na ce, "Kakan da ke cikin labarin nan ba nawa ba ne. Na malamina ne."

Can wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to naka fa? Ba mu labarinsa."

Na buɗe baki, na tarar ban san komai game da shi ba, ban da cewa maɗinki ne kuma yana tsoron jaki. Duk waɗanda zan tambaya sun rasu ina can ina bin raƙumar wasu.